Kunun da Na Kai wa Tabassum

Talata, 3 ga Satumba, bayan azahar

Yau kwana biyar. Tun bara na sayi wannan littafin a bakala, ɗan kantin da ke ƙasan gidanmu, da niyyar in rubuta labarin soyayya irin waɗanda nake karantawa a waya. Na rubuta sunan jarumar da launin idonta, na tsaya. Ɗazu na yage shafin.

Ranar Alhamis ce abin ya faru. Bari in rubuta shi yadda ya kasance, ko ya daina dawo mini duk sa'ad da na rufe ido.

Tabassum maƙwabciyarmu ce, 'yar Indiya, ƙofarta na kallon tamu a hawa na uku. Mijinta Majid mai gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, shi ke hana rabin Nuzla, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, narkewa da zafi, don haka tun asuba yake fita sai isha. Ta haifi 'yarta Haifa ranar sha huɗu ga Agusta. Ta ce mini a garinsu mace gidan uwarta take komawa ta haihu, ta yi kwana arba'in ana shafa mata mai ana ba ta abinci mai ɗumi, kamar dai mu. Amma ita takardar ziyarar mahaifiyarta ba ta fito ba. Ta dawo daga asibiti da jaririya a hannu, ba kowa a ɗakin sai tukwane.

Umma, uwar mijina, wadda duk Nuzla ke kira Hajja Dela, ta leƙa ta gan ta tana wanke kwanuka da ruwan sanyi. Ta dawo tana tafa hannu. "Yarinya ta haihu a bar ta da ɗanyen jiki, ina raye? Sadiyya, ɗora babbar tukunya." Shekara arba'in Umma na yi wa matan Takari wankan jego a unguwar nan. Tun daga ranar, safe da yamma, tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, a kashe mukayyif, a rufe taga. Bayan wanka kuma kunun kanwa, kofi biyu. Umma ke ɓantaro kanwar, ni nake damawa. Tabassum tana sha tana yamutsa fuska tana dariya, tana ce wa Umma Khala, wato inna, ni kuma Baji, wai yaya ke nan a bakinsu, alhali wata bakwai kawai na ba ta.

Ranar Alhamis ɗin, bayan wankan safe, ta fito ta zauna a bakin gado ba ta ko ɗaura zane daidai ba. Ta kama hannuna ta ce, "Baji, nafas mafi." Babu numfashi. Na dubi ƙafafunta. Kwana uku ina ganinsu suna kumbura, Umma na cewa sanyi ne ke fita. Na danna da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Sai tari, sai kumfa a gefen bakinta.

Majid ya zo da motar aikinsa. Muna saukar da ita, Umma ta riƙo wuyan hannuna a kan matakala, jaririyar na kafaɗarta. "In sun tambaye ki, abinci kawai take ci. Kin ji ni?"

Kuma sun tambaya. Likita mace ce, mai tabarau, ta tambaya a hankali da Larabcin da zan gane: me take ci a gida, me take sha, akwai wani maganin gargajiya? Majid ya juyo ya dube ni, don shi bai san abin da ake yi da rana ba. Na ce babu komai. Abinci kawai.

Ta rubuta. Na ga lokacin da ta rubuta.

Laraba, 4 ga Satumba, da hantsi

Haifa tana wajenmu. Ba ta son kwalba, sai na ɗiga mata madarar a leɓe tukuna take kamawa. Kayanta duk sun yi datti, makullin ɗakinsu kuma yana hannun Majid, sai na buɗe aljihun tebur na ƙasa. Wanda ban buɗe ba tun watan azumi, da cikina ya zube. Rigar mai ruwan ɗorawa ta yi mata daidai kamar don ita aka saya.

Umma ta gani, ta kau da kai. Ni ma.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan magariba

Na je ziyara. Tabassum a zaune take kwana, an jera mata matasai huɗu a baya, in ta kwanta sosai ruwa ke taso mata a ƙirji. Majid ya ce likita ta ce zuciyarta ce ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a huhu da ƙafa. Wai yana samun wasu mata bayan haihuwa, ita kuma da ma jininta kaɗan ne tun tana da ciki.

A saman gadonta an manna kati, hoton kwalbar gishiri an ja mata jan layi.

Umma ba ta zuwa asibiti. Ba ta zuwa duk inda ake tambayar takarda a ƙofa. Amma kullum kafin in fita sai ta miƙo mini ƙaramin fulas, in sa shi cikin abaya. Yau da na dawo na gaya mata zancen katin.

"To ai shi ke nan," in ji ta, tana tsince shinkafa. "Wa ya sa gishiri a kunu? Kanwa ce zalla. Ke 'yar Funtuwa, har sai an koya miki bambancin gishiri da kanwa?"

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, na ji sanyi a raina.

Tabassum ta shanye duka. Ta ce abincin asibiti kamar takarda, wannan ne kawai ke da ɗanɗanon gida, duk da ba gidansu ba ne.

Juma'a, 6 ga Satumba, da yamma

Na kai fulas. Ta sha.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan azahar

A littattafan da nake karantawa, in jaruma ta faɗi, shafi ɗaya ne. Ta buɗe ido ta ga farin silin, wani na riƙe da hannunta yana kuka, likita ya shigo ya ce a gode wa Allah. Ba a taɓa rubuta robar fitsari da ke rataye a gefen gado ba, wadda ake zuwa a duba a rubuta. Ba a rubuta yadda mace ke raba magana gida uku don ta sha iska a tsakani.

Kowace safiya suna ɗora ta a sikeli su rubuta a farin allo. Nas ɗin ta nuna mini da hannu: in lambar na sauka, ruwa na fita. Sittin da takwas, sittin da takwas, sittin da takwas da rabi. Suna yi mata allurar fitar da ruwa, ruwan ya ƙi fita. Nas ɗin ta ɗaga kafaɗa ta ce su ma abin ya ɗaure musu kai.

Na nuna wa Tabassum hoton Haifa. Ta ƙura wa wayar ido ta daɗe.

"Wannan riga ba tawa ba."

"Tawa ce," na ce. Sai na gyara. "Ta gidanmu ce."

Ta dube ni, ta mayar da ido kan hoton. Ta san zancen watan azumi, ita ce ta kawo mini shayi mai citta kwana bakwai a jere lokacin. Ta ce, "Ta yi mata kyau, Baji." Sai tari ya ƙwace sauran.

Laraba, 11 ga Satumba, da safe

Kwana biyu ban kai kunu ba. Ba da niyya ba ne. Litinin fulas ɗin ya suɓuce mini a matakala ya fashe, Talata kuma kanwar ta ƙare, sai da Umma ta aika wajen matan Bab Makka.

Majid ya tsaya a ƙofarmu ɗazu, fuskarsa a sake. Sittin da biyar. Ta kwanta da matashi biyu. Suna zancen sallama.

Umma ta ɗaga hannu sama. "Ka gani? Ciwon jego ba na allura ba ne. Kunun ne ya gama aikinsa."

Na tsaya da kwalbar Haifa a hannu ina lissafin kwanaki. Na daina. Ba na son inda lissafin ke kai ni.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan la'asar

An sallame ta. Sun karɓi Haifa. Na wanke kwalaben na miƙa musu ta ƙofa.

Juma'a, 13 ga Satumba, da hantsi

Ɗakin shiru. Na buɗe labari a waya, na karanta shafi ɗaya sau huɗu.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan azahar

An koma wanka. Umma ta ce kwana sha huɗu aka yi asara, jikin ya sha sanyin asibiti, dole a rama kafin arba'in. Yanzu tukunya biyu ake ɗorawa. Banɗakinsu ƙarami ne, ba taga, tururin har ƙarƙashin ƙofa yake fitowa. Ina tsaye a waje da Haifa ina jin ƙarar ganye a jikin mutum, ina jin Umma na cewa, "Yi haƙuri 'yata, zafin nan shi ne lafiyarki," Tabassum na amsawa, "Aiwa Khala, aiwa."

Da ta fito sai da ta dafa bango.

An ba ta ƙwayoyi kala biyar daga asibiti da takardar abin da ba za ta ci ba. Majid ya kwashe gishirin gidan gaba ɗaya ya kawo mana ajiya, har da ɗan tsamin mangwaron da take so. Mutumin kirki. Ya ajiye gishirin a kan teburinmu, dab da ƙullin kanwa, ya yi wa Umma godiya har yana dafa ƙirji.

Na dama kunu. Kofi biyu.

Litinin, 16 ga Satumba, da safe

Jiya na aika wa Zakiya saƙon murya. 'Yar wan babana ce, nas ce a Zariya. Ban ce Tabassum ba. Na ce wata ce a wani labari da nake karantawa, mai jego, ƙafa ta kumbura, zuciya ta gaji, ana ba ta kunun kanwa. Na tambaye ta ko marubuciyar ta yi daidai.

Amsarta minti uku ce. Na saurara a banɗaki da famfo a buɗe.

"Sadiyya, wane irin labari ne wannan? Ke, kanwa ai 'yar'uwar gishiri ce, abin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki shi ne a cikinta. Mai lafiyayyar zuciya ta sha ta wuce lafiya, shi ya sa iyayenmu ba su yarda. Amma wadda zuciyarta ta raunana, ki ba ta kanwa, ki kuma turara ta da tafasasshen ruwa safe da yamma? Mun gaji da ganinsu a nan, wallahi mun gaji. Wasu a kan hanya suke cikawa." Ina jin hayaniyar asibitinsu a bayanta. "Sadiyya, in ba labari ba ne, a daina yau. Kuma a gaya wa likitanta, don ya san da me yake faɗa."

Na goge saƙon. Na san shi da ka.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Na dama kunun Tabassum dabam ba kanwa. Umma ta ɗanɗana a cokali, ta dube ni, ta ɓantaro kanwa ta jefa da hannunta.

Talata, 17 ga Satumba, bayan magariba

Na gaya wa mijina Abdulghaffar. Na bari sai da ya dawo daga shagon tayoyi ya yi wanka ya ci abinci. Ya saurara har ƙarshe, ban taɓa ganin ya saurare ni haka ba, har na fara jin sauƙi.

Sai ya tashi ya rufe ƙofar ɗaki.

"Kin gaya wa wani?"

"Kai kaɗai."

"Halas. Ya tsaya a nan."

"A daina ba ta, shi ne kawai. Kuma likita ta sani."

"Likita ta sani." Ya maimaita a hankali. "Ya Sadiyya, kin san abin da ke biyo bayan likita ta sani? Ta rubuta. In ta rubuta, a tambayi wa ya ba ta. Majid ya ce Khala Dela. A ce ina iƙamarta. Shekara sha ɗaya Umma ba ta da iƙama, tun rasuwar Baba. Mace ba takarda tana yi wa mutane magani a gida, yarinya ta kusa mutuwa. Wannan ba tara ba ce, tarhil ne. A sa ta a jirgi a sauke ta a Kano. Wa ta sani a Kano? Tana da shekara tara ta baro."

"To in Tabassum ta mutu fa?"

"Ba za ta mutu ba, bi'iznillah. Umma ce ta yi wa uwar kowa wanka a layin nan. Ke daga karanta labarai a waya kin zama daktora?"

Na ce ba waya ba ce, Zakiya ce. Ya ce Zakiya tana Zariya, ba ita za ta ga an tafi da uwarsa ba. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba. Ya ce in na kai sunan Umma asibiti, in haɗa akwatina tun kafin in dawo.

Shekara biyu da aure, bai taɓa yi mini tsawa ba. Yau ma bai yi ba. Da ya yi, da ya fi.

Laraba, 18 ga Satumba, da hantsi

Na gwada Umma. Na durƙusa a gabanta kamar ranar da aka kawo ni gidan nan, na ce Umma don Allah a bar kanwar nan ko na kwana uku ne mu gani.

Ba ta yi fushi ba. Ta jawo ni ta zaunar kusa da ita. Ta ce uwarta a hanyar zuwa nan ta haifi ƙaninta, a wani ƙauye a Sudan, ba itace ba tukunya, ba wanda ya yi mata wanka. Kwana tara ta yi. Ita ce ta rufe mata ido, tana yarinya. "Tun ranar na yi wa Allah alkawari, ba mai jegon da za ta kwana da sanyi a jiki in ina kusa. Baƙa ce ko fara, tamu ce ko ba tamu ba." Ta shafa kaina. "Ke ba ki haihu ba tukuna, shi ya sa kike tsoro. Naki na zuwa, ni zan yi miki da hannuna."

Son yarinyar nan take yi. Da ƙinta take yi, da na san abin yi.

Laraba, bayan la'asar

Na gwada Tabassum ita ma, da guntun Larabcina da guntun nata. Na nuna kofin na ce wannan mushkila, kamar gishiri. Ta girgiza kai. Ta ce da ta kwana biyu ba ta sha ba nononta ya ɗauke, da ta koma sha ya dawo. Ta ce kwana goma sha huɗu 'yarta na shan madarar gwangwani, ba za ta ƙara ba. "Khala ta sani, Baji. Khala kamar Ammi, kamar uwata."

Zoben aurenta ya nutse a yatsa. Ta sa sabulu ta kasa cirewa.

Majid kuwa ba zan iya gaya masa ba. Mutum ne mai gaskiya, duk abin da ya ji zai kai wa likita da suna da komai.

Alhamis, 19 ga Satumba, da safe

Matasai huɗu.

Juma'a, 20 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Sun koma da Tabassum asibiti. Wannan karon ba ta iya sauka da ƙafarta ba, a kujerar roba Majid da Abdulghaffar suka ɗauke ta, hawa uku, suna hutawa a kowane hawa. Leɓenta ya yi shuɗi. Abdulghaffar bai yarda mun haɗa ido ba.

Kafin su ɗaga kujerar ta miƙo mini Haifa. Ba Umma ta miƙa wa ba. Ni.

Zan rubuta wani abu a nan, in na gama wataƙila in yage.

Da na rufe ƙofa, yarinyar na ƙirjina, ɗuminta na ratsa rigata, ƙamshin kanta na hancina, wani abu a cikina ya ce ta dawo. Daɗi na ji. Na daƙiƙa ɗaya ne, amma na ji shi, kuma na san shi, ba yau ya fara zuwa ba. A labaran da nake karantawa akwai irin wannan matar. Ita ce wadda nake tsana, ina Allah-Allah a kai shafin da asirinta zai tonu.

Na ce don Umma na yi shiru. Na ce don aurena. Yanzu ban san don wa na yi shiru ba.

Astagfirullah. Astagfirullah.

Asabar, 21 ga Satumba, bayan azahar

Umma ta daina ba ni fulas. Ta sayi sabo, Majid take ba wa. Ya zo da rana ya karɓa da hannu biyu. Ya ce ba ta iya riƙe kofi, da cokali yake ba ta in nas ta fita, don ita ce ke roƙo, kada nono ya ɗauke.

Na bi shi har matakala da Haifa a hannu. Na tambaye shi me likita ta ce.

Ya zauna a kan matakalar, babban mutum, da kayan aikinsa masu maiƙo. Ya ce likita ta ce ba ta gane ba. Magani daidai, abinci daidai, amma kamar ana zuba ruwa ta wata ƙofa suna kwashewa ta wata. Ta sake tambayarsa ko akwai abin da ake ba ta. Ya ce mata babu, sai kunun gero na maƙwabta, shi kuma ba gishiri a ciki, ya tambaya an tabbatar masa. Ta ce in zuwa Litinin ruwan bai sauka ba za su kai ta ɗakin da ba a shiga, su sa mata injin numfashi.

"Uwarta tana kira kullum," in ji shi. "Ina ce mata tana barci. Sister, me zan ce mata gobe?"

Fulas ɗin yana kan gwiwarsa. Hannuna ɗaya ba komai a ciki. Ban miƙa ba.

Asabar, bayan magariba

Haifa ta yi murmushi. Umma ta ce iska ce a ciki. Ba iska ba ce, ni ta kalla. Uwarta ba ta gani ba.

Lahadi, 22 ga Satumba, da asuba bayan salla

Yau arba'in. Da a gida ne, yau za a yi wa mai jego kitso da lalle, ta sa sabon zane ta zaga dangi. Tabassum ta ajiye wani koren sari a kan akwati tun kafin ta haihu, ta ce na ranar ne. Ta ce za ta koya mini ɗaurawa, mu yi hoto.

Umma ta ce tunda an yi asarar kwanaki, za a ci gaba da kunu har sati biyu nan gaba.

Na daɗe a kan darduma. Ina ta juya maganar Abdulghaffar. Ya ce in na kai sunan Umma. Likita kuma ba suna take nema ba, abin da ke cikin kofin take nema. In ta tambayi wa ya ba ta, to wa ya dama? Tun ranar farko hannuna ne a kan muciya. Wa ya ɓoye fulas a abaya ya wuce da shi gaban masu gadi? Wa aka tambaya ranar Alhamis ta ce babu komai? Ba sai na ƙirƙiro ko kalma ɗaya ba. Wankan ma zan faɗa, in ce al'adar garinmu ce, ni na kawo ta. Majid ba ya gida da rana, abin da na ce shi zai tsaya. Iƙamata tana da rai. In hukunci ne, ya sauka a kan mai takarda.

Ban san me za su yi mini ba. Ban san ko Abdulghaffar zai ga bambanci tsakanin sunan Umma da nawa ba, ko akwatin dai zai nuna mini. Umma kuwa na san ba za ta ƙara kallona kamar da ba, ko da ba wanda ya taɓa ta, don zan tsaya gaban baƙi in ce abin da ta yi shekara arba'in tana yi shi ke kashe yarinyar da take kira 'yarta.

Kuma in Tabassum ta warke za ta zo ta karɓi 'yarta. Na sani. Na rubuta don in gani da idona.

Lahadi, ƙarfe uku da rabi

Na yi wa Haifa wanka, na sa mata rigarta ta ainihi, wadda uwarta ta saya. Mai ruwan ɗorawar na wanke na ninke na mayar aljihun tebur. Na gaya wa Umma zan kai yarinyar ne uwarta ta gan ta ko ta gilashi, tunda yau arba'in. Ta ce Allah ya yi mini albarka.

Na ɓantari kanwa kamar girman ƙwai na ƙulle a leda. Tana cikin jakata tare da iƙamata. Na rubuta abin da zan faɗa da Larabci a bayan hannuna don kada ya gudu in na ga tabaran likitar.

Ƙarfe huɗu ake buɗe ƙofar ziyara. Zan ajiye mata kanwar a kan tebur, in ce ni na ba ta.